Waƙar da Horace Silver ya yi wa mahaifinsa

Duk wanda ya ce mini jaz hayaniya ce kawai, faifai ɗaya nake kunna masa: "Song for My Father" na makaɗin piyano Horace Silver, wanda kamfanin Blue Note ya fitar a 1965. Da wuya a kai minti guda ban ga ƙafar mutum ta fara buga ƙasa ba.

Hoton da ke jikin faifan na wani dattijo ne sanye da malafa, sigari a baki, yana murmushi. Mahaifin Silver ke nan, John Tavares Silva, mutumin tsibirin Maio a Cape Verde, can cikin teku daura da Senegal. A Connecticut ta Amurka ya zauna, a nan aka haifi Horace a 1928. Tsohon yana kaɗa goge da jita, in dangi sun taru a gida waƙoƙin ƙasarsu ake yi. Ya sha roƙon ɗan nasa ya sa irin wannan kiɗa a cikin jaz, yaron kuwa yana ganin tsohon yayi ne. Sai a 1964 da Horace ya je Birazil, kiɗan bosa noba ya shiga kansa. Ya dawo ya zauna gaban piyano, ga salon bugun na Birazil, amma karin da ya fito masa na gidan ubansa ne.

Abin da ya fi kama ni shi ne ƙanƙantar kayan da aka gina waƙar da su. Sauti biyu tak mai bes (babban abin kiɗa mai tsirkiya da kaurin murya), Teddy Smith, yake ta jujjuyawa a farko, hannun hagun Silver yana mara masa baya. Hannun dama kuwa cocin baƙaƙen fatan Amurka ya nufa, gajerun jimloli yana maimaita su kamar mai wa'azi yana jiran amshi. Bai cika wurin da gudun yatsu ba, ga shi kuma zai iya. Sannan Joe Henderson ya shigo da saksofon a hankali, yana ƙara wuta har muryar ƙahon ta fara tsagewa. Ni dai a nan nake dakatar da duk aikin da ke hannuna.

Sauran faifan ma ba baya ba. "Que Pasa" tana da nata bugun na Latin, mai duhu-duhu, "Lonely Woman" kuma piyano ce da bes da ganga kawai, ba ƙaho.

Masu sauraron rok na iya jin kamar sun san mabuɗin waƙar farko, wato ita "Song for My Father" ɗin. Sun sani ɗin: 'yan ƙungiyar rok ta Steely Dan sun buɗe "Rikki Don't Lose That Number" da kusan irinsa a 1974, kuma takan yi mini ciwo in ga an haddace tasu ba a taɓa jin sunan Silver ba. Silver ya rasu a 2014. In za ka saurara, nemi lasifika mai fitar da bes sosai, don ta waya tana cinye rabin kiɗan.