Yadda Mai Zane Ke Ɗora Wa Sarki Kwarjini

Kwarjinin hoton sarki daga inda aka tsayar da idon mai kallo yake farawa. Mai zane yakan ajiye shi ƙasa, daidai gwiwar sarki ko ƙugunsa, ta yadda dole ka ɗaga kai. Idan ya kuskure ya ɗauko shi daga sama, sai kafaɗu su tsuke, sarki ya koma kamar kowa.

Dubi hoton Luwis na 14 na Faransa da Hyacinthe Rigaud ya zana a 1701. Tsayin hoton ya kai mita 2.77. Sarkin ya haura shekara 60, fuskar ta nuna hakan, amma ƙafafun na saurayi ne cikin farar safa. Alkyabba shuɗiya mai furannin zinariya ta malale har ƙasa, takobi na rataye a ƙugu. Kambin kuwa ba ya kansa, yana ajiye gefe kan matashi, sandar mulki kuma ya kifa ta yana dogarawa. A ganina nan gwanintar take: an nuna mutumin da mulki ya zame masa jiki.

Haɗarin shi ne kayan ado su haɗiye fuska. Maganinsa a sa haske mafi ƙarfi a goshi da kunci, a duhunta labulen baya.