Tambayoyin kwatance a GMAT: yadda kunne ya kai ni ya baro

Har yanzu in na tuna mai lesin ɗin da ya ce min "ka bi kunnenka kawai" sai raina ya ɓaci. Lokacin ina shirin jarabawar GMAT ne don neman gurbin MBA, wato digiri na biyu a harkar kasuwanci, a waje, tsohon tsarin nan mai sashen Turanci da ake kira Verbal, tambaya 36 cikin minti 65, a ciki har da gyaran jimla inda za su ja layi a ƙarƙashin wani yanki su ba ka zaɓi biyar. Shi a ganinsa tunda da Turanci na yi karatu tun firamare, duk wadda ta yi daɗi a kunne ita ce amsa. To a wasu wuraren yana aiki, ban musa ba, amma a kwatance wallahi tarko ne.

Duba wannan: "The population of Kano is larger than Kaduna." Karanta ta da ƙarfi, ba abin da zai tsaya maka a wuya, haka muke magana kullum a ofis. Amma jimlar yawan mutane ta ɗauka ta gwada da gari sukutum, sai an ce "than that of Kaduna" ko "than Kaduna's". Abin haushin ma da Hausa ba mai yin wannan kwaɓar, kowa "ya fi na Kaduna" zai ce, sai mun shiga Turanci muke yar da shi a hanya. In abin jam'i ne kuma "those of" ake so, su kuwa masu saita tambayar sun san da haka sai su ajiye maka "that of" bayan "prices", kana murna ka tsallake rami ashe na gaba ka faɗa.

Wanda ya fi cin kasuwata shi ne "unlike". "Unlike Ghana, the currency of Nigeria is the naira", a gajarce haka ko ɗan sakandare zai gane an gwada ƙasa da kuɗi, Najeriya ce ya kamata ta biyo bayan waƙafin. To amma a tsohuwar jarabawar ba sa ba ka ita a gajarce, za su cusa bayani layi biyu a tsakani, shekara kaza, wanda ya yi kaza, kafin ka kai ƙarshe ka manta da me aka fara, ga agogo yana gudu a saman kwamfuta, ga shi a lokacin ba a komawa baya in ka danna. Nan kunne ba ya tsinana komai don duk zaɓin biyar daɗi suke yi. Makin Verbal ya fito ƙasa, dole na sake biyan sama da dala 250, kuma duk wanda ya nemi dala a ƴan shekarun nan ya san me nake nufi.

Zama na biyu ban saurari komai ba. Da na hango than, like, unlike ko as sai in rubuta abu biyun a allon da suke bayarwa, wannan hagu wannan dama, in tambayi kaina mutum da mutum ne, kuɗi da kuɗi ne? In ba jinsi ɗaya ba ne na soke, ko da kuwa ta fi kowacce kyau. Da haka na riƙa kama ƙananan ma, irin su "The Nile is longer than any river in Africa" wadda ke nufin kogin Nilu ya fi kansa tsawo in ba a sa "other" ba, ko "Musa likes football more than his wife", shin ya fi matarsa son ƙwallo ne ko ya fi son ƙwallo a kan matarsa, "does" ɗaya a ƙarshe ita ke raba wannan gardama. Sau da yawa amsar daidai ita ce mai nauyi a baki, da kunne ne da ita zan fara jefarwa.

Makin ya tashi Alhamdulillah. Sai ga GMAC, masu shirya jarabawar, a ƙarshen 2023 sun fito da sabon tsari mai suna Focus Edition sun cire gyaran jimla gaba ɗaya, tsohon tsarin kuma suka rufe shi farkon 2024. Bayan duk wannan wahalar fa! Wani abokina da ya rubuta sabon ko sanin "those of" bai yi ba ya wuce abinsa, ni kuma yanzu ko imel ɗin oga nake karantawa sai na tsaya a kan "than" ina duba hagu da dama.