Ruwa kafin kati

A shekarata ta farko a ɗakin yara na asibitin da nake aiki a nan Sakkwato, na ɗauka jinya duk a hannu take: ka nemo jijiya, ka ɗaura ƙarin ruwa, ka auna zafin jiki, ka rubuta wa likita. Makaranta ta koya mini waɗannan, kuma na iya su daidai gwargwado. Sauran aikin kuwa a tsakar gidan Kaka na gan shi tun ina yarinya, amma sai da na yi kuskure na gane cewa shi ma aiki ne.

Kakata mutuniyar Zuru ce. Ta biyo Kakanmu zuwa Sakkwato tun Zuru na cikin wannan jiha, kafin a yanke Kebbi a 1991, suka zauna a Mabera. 'Yar majami'ar ECWA ce ta gidi, ba ta fashin sujada, ba ta fashin Zumuntar Mata, kuma a cikin matan zumunta ta koyi karatu da girmanta, don kawai ta karanta Littafi Mai Tsarki da idonta. Nata tsoho ne, irin fassarar da aka fara bugawa cikakkiya da Hausa a 1932, a naɗe cikin ƙyalle, bangon ya saki. Da asuba, ana kiran salla a masallacin bayanmu, ita kuma tana durƙushe a bakin gado tana ambaton 'ya'ya da jikoki ɗaya bayan ɗaya, har da maƙwabcin da ta ji ba shi da lafiya.

Randarta a bakin zaure take, ba a ɗaki ba, da moɗa a kife a kan faifai. Duk wanda ya yi sallama, ruwa za a fara miƙa masa. Idan ɗayanmu ya yi azarɓaɓin cewa "wa ake nema?" sai ta ce, "Kishiya, bar shi ya sha tukuna, sunansa ba guduwa zai yi ba." Tana da buta da tabarma sabuwa da ba wanda ke taɓawa cikinmu, na baƙi Musulmi ne in lokacin salla ya riske su a gidan. Ranar Kirsimeti kuwa ba Kakanmu ke yanka ba. Maƙwabcinmu take kira ya yanka, don kowa a layin ya ci shinkafar da zuciya ɗaya. Ayar da take yawan maimaita mana ita ce ta Ibraniyawa 13:2, wadda ke cewa kada a manta da yi wa baƙi alheri, gama ta haka waɗansu suka sauki mala'iku ba su sani ba.

To, wani dare cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40 da rana kuma bango ya kwana yana huci, wata mata ta shigo daga wajen Illela da yaro a goye. Amai da gudawa sun zuƙe shi, ido ya faɗa, maɗiga ta lotsa. Ni kaɗai ce a kan gadaje da yawa, na gaji liƙis. Ban ko ɗago kai ba na ce, "Ina katinku?" Ba ta san inda ake yankar kati ba. Na nuna mata hanya da biro, ta juya ta fita da yaron.

Babbar ma'aikaciyarmu, wata dattijuwa Musulma, ita ta tare ta a baranda ta dawo da ita. Ta kwance goyon da hannunta, ta ce mini, "Ɗiyata, haɗo ruwan gishiri da sukari, kati ya iske mu." Muka riƙa ɗura masa da cokali kaɗan-kaɗan kafin a samu jijiya. Can na lura leɓen uwar ma ya tsattsage, ashe tun hantsi ba ta sa komai a baki ba. Da na miƙa mata kofin ruwa, hannuna na rawa, muryar Kaka kawai nake ji.

Har gobe ina ganin kati na da muhimmanci, don in babu shi magani kan sarƙe, a ba wani na wani. Amma mai rakiya ma na iya yanko shi, ko a yanka daga baya. Yaron da ruwan jikinsa ya ƙare ba ya jiran layi, kuma uwar da aka kora da biro, ko an warkar da ɗanta, da wuya ta dawo da na biyun da wuri. Ta fi so ta tsaya wurin mai magani a ƙauye, inda aƙalla za a ce mata sannu da hanya.

Kaka ta rasu ban ba ta wannan labari ba, kunya ta hana ni. Ranar jana'izarta majami'a ta cika, a waje kuma maƙwabtanmu Musulmi na zaune a kan tabarmi har aka tashi. Yaron Illela ya kwana huɗu aka sallame su. Da za su tafi, uwar ta kwance bakin zaninta ta ajiye mini albasa uku a kan tebur, kusa da tulin katunan.