Hilux ɗin albasa: inda aikin tiyon birki ya tsaya

Abokan koyo, barkanmu da aiki. Ga inda muka kai a kan tsohuwar Hilux a-kori-kura da ke ɗauko albasa daga Tamaske zuwa nan Tawa. Ƙorafin direba shi ne feda yana sauka a hankali in ya daɗe yana take da shi, kuma duk ranar kasuwa sai ya ƙara man birki. Maigida bai taɓa komi ba, tocila ya miƙo mini ya ce in shiga ƙarƙashi in bi tiyon da hannu, tun daga babban famfon birki har kowace ƙafa, kada in tsallake ko taƙi ɗaya.

A tsakiyar shasi, inda tiyon ƙarfen da ke kai mai baya ya gogi wani ƙarfe har ya huje, wani ya yanke wurin ya cusa guntun robar fetur, ya ɗaure bakunan da waya. Nan ne man yake tsiyaya. A kan aksil na baya, ɓangaren dama, an sa jan ƙarfe irin na masu gyaran firiji, an naɗe notin da farin tef na masu famfon ruwa. Ɓangaren hagu kuwa an kwantar da tiyon a kan ƙarfe an dake shi da guduma har ya toshe.

Batun robar fetur ba ya buƙatar dogon bayani. Iskar da ke cikin tayar motar nan, a ma'aunin matsi da ake kira bar, ba ta wuce bar 3 zuwa 4 ba, robar fetur ta yau da kullum ma iyakar abin da aka yi ta ta ɗauka ke nan. In direba ya taka birki da ƙarfi cikin firgici, matsin da ke cikin tiyo yana iya kai bar 100. Waya ba ta riƙe wannan. Za ta riƙe a cikin gari, ana tafiya sannu tsakanin kasuwa da tasha, sai ranar da jaki ya faɗo titi ta saki.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne tiyon da aka dake. Shi ba ya zubar da ko ɗigo, feda ma ƙara tauri yake yi, don haka direba sai ya ga kamar an yi masa gyara. Alhali birkin ƙafa guda ya daina aiki. Da muka cire tambur, wato gangar da takalman birki ke kamawa, muka tarar ƙaramin famfon ƙafar ne ke yoyo tun asali, maimakon a canza shi sai aka yanke masa mai. Mota mai birki a ƙafa uku tana ja gefe in an taka birki, kuma da lodin buhunan albasa a gangaren tsaunukan Adar, wajen Keita da Buza, ƙafafun gaba ne ke shan duk wahalar har su yi zafi su daina kamawa. Gyaran hanya ne, na gane, mutum ya lalace a daji dole ya san yadda zai iso gida. Laifin shi ne a iso gida a manta.

Mai motar ya so a cire robar a yi walda a wurin, don lokacin albasa ne, kwana ɗaya a garaji asara ce. Maigida ya ce masa: “Alhaji, ka yi haƙuri. Tiyon birki ba a yi masa faci a garajina. In dai nan za a yi, sabo za a ja daga noti zuwa noti.” Dalilinsa a fili yake. Tiyon nan siririn ƙarfe ne da aka naɗe sau biyu aka haɗe da jan ƙarfe tun daga masana'anta, wutar walda tana cinye shi, tana ƙone rufin da ke hana tsatsa, tana kuma barin ƙura a ciki wadda za ta je ta ci robobin famfo. Alhaji ya yi ƙunƙuni, ya bar makulli.

Kaurin tiyon milimita 4.75 ne, notinsa mai zaren milimita 10, ana kwance shi da sifana lamba 10. Ku nemi sifanar tiyo, mai kama da zobe da aka yanke wa ɗan baki. Sifana mai buɗaɗɗen baki tana cinye kan notin, daga nan sai filaya, daga filaya sai baƙin ciki. Jan ƙarfen firiji kuma ku bar wa firiji. Yana da daɗin lanƙwasa, shi ya sa ake son sa, amma girgiza tana taurara shi har ya tsage, galibi daf da noti, kuma hanyoyinmu na burji ba abin da suke da shi sai girgiza. Akwai wanda ya yi kama da shi a ido amma haɗi ne na jan ƙarfe da nikel, wajen kashi 90 da kashi 10, wanda Volvo ta fara sa wa motocinta a 1976. Shi ya halatta, ba ya tsatsa, yana da taushi. Mu dai na ƙarfe muka samu daga Ƙonni, da shi muka yi.

Abin da na fi koya a wannan aikin shi ne yin leɓen tiyo, wato buɗaɗɗen bakinsa da noti ke dannawa. Duk riƙon mai a nan yake. Zaren noti ba ya tare komi, aikinsa kawai ya danna leɓen a mazauninsa, shi ya sa farin tef ɗin nan bai da amfani, sai ma guntayensa su shiga cikin mai. Wanda ya sa jan ƙarfen leɓe ɗaya ya yi, wato ya buɗe bakin kawai, ga shi har ya tsage a gefe. Toyota leɓe mai ninki biyu take so. Ana yanke tiyo daidai da abin yanka mai faifai, ba da zarto ba, a kankare ciki, a ɗan goge gefen waje da magagari. A zura noti tukuna, don bayan an yi leɓe ba ya shiga. A matse tiyon a cikin na'urar yin leɓe ya leƙo daidai tsayin matakin ɗan maɓallin da ke zuwa da ita, ba ƙari ba ragi. A ɗiga man birki a baki. Dannawar farko da maɓallin tana kumbura bakin, sai a cire shi a sake dannawa da tsinin na'urar, bakin ya naɗe ciki ya kwanta a kusurwar digiri 45. Kada a matse har ƙarshen ƙarfi, a bar ɗan abin da noti zai ƙarasa.

Maigida ya tara mini guntayen tsohon tiyo ya ce in yi ta yi a kansu kafin in taɓa sabo. Yanzu hannuna ya fara faɗawa. Na lura kusan duk leɓen da ya fito a karkace, daga yankan ne matsalar ta faro, ko kuma tiyon ya zame a cikin na'urar don ba a matse shi sosai ba. In kun ga alamar zamewa a jikin tiyon, yanke ku sake.

Masu taɓa Peugeot da Marsandi ku kula, yawancin motocin Turai leɓensu daban ne, mai kumburi, wanda ba a naɗe shi ciki. Notin yana iya shiga lafiya lau don zaren ɗaya ne, amma mazaunin ba ɗaya ba. Ku leƙa ramin da tocila kafin ku yi baki.

Wajen shimfiɗawa, tsohon tiyon muka ajiye a ƙasa muka bi lanƙwasarsa, muna naɗawa a jikin tsohon fuli don kada ya karye ya matse hanya. Muka hura shi da iska, muka mayar da kowane maɗauri na jikin shasi, har wanda ya ɓace tun farko ya bar tiyon yana gogar ƙarfe. Noti da yatsu ake fara ɗaura shi, sai ya shiga zagaye da dama sannan a kawo sifana.

Man birki kuma mai lamba DOT 3 ko DOT 4, daga gwangwanin da ba a buɗe ba. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, DOT 4 kuma 230, amma man yana shan danshi, in ya sha sai su sauko wajen 140 da 155. Wanda ake ɗurawa a gorar ruwa a sayar a bakin hanya ba ku san me ya sha ba. DOT 5 na silikon ne, ba a gauraya shi da waɗannan. Mun cire iska daga ƙafar da ta fi nisa da babban famfo muka matso kusa, ɗaya yana bugun feda ɗaya yana buɗe noti. Hilux tana da wani bawul a baya mai daidaita birki gwargwadon lodi, shi ma yana da notin cire iska nasa, kuma mutane suna tsallake shi. Sannan aka tada inji, Maigida ya taka feda da ƙarfi ya riƙe minti guda, ni kuma ina bin kowane noti da farar takarda. Feda bai sauka ba, takarda ta fito a bushe.

Motar ba ta fita ba tukuna. Takalman birkin hagu sun sha mai tun lokacin yoyon, dole a canza su duka ɓangarorin biyu, kuma robar birki da ke sauka daga shasi zuwa aksil ta fara tsagewa, mun aika a kawo sabuwa. In ta iso sai mu sake cire iska, mu ɗora buhuna mu gwada ta a hanyar Keita. Wanda a cikinku yake da na'urar leɓe mai yin na kumburi ya faɗa mini inda ya same ta, tamu ninki biyu kawai take yi.