Tarihin Rayuwata, kashi na 11: Ƙwayar Abba

Makon jiya na tsaya inda malamin islamiyya ya riƙo kunnen ɗana Abba har ƙofar gidanmu a Jekadafari, ya ce shi kam ya gaji. Ranar ma Inna ta maimaita maganarta: "Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Ita tanƙwarawa a wurinta dorina ce. Allah ya jiƙanta, uwar mijina ce, amma tabon yana nan a bayan yarona.

An sha rubutu, an yi hayaƙi, an ce iska ce. Yana shekara bakwai na kai shi asibiti da kuɗin adashina, don Malam, mijina, cewa ya yi ɗansa ba mahaukaci ba ne. Likita ta ce lalurar rashin natsuwa ce, wadda suke kira ADHD. Ta rubuta Ritalin, rabin ƙwaya, miligiram 5 da safe. Ta faɗa mini gaskiya: cikin yara goma, kusan bakwai ne maganin farko yake karɓa, kuma ba ƙiba ko tsayi ke nuna adadin da zai ishi yaro ba, sai an gwada a hankali.

A boko sai yabo. Amma ƙarfin ƙwayar awa huɗu ne, kafin la'asar ya sake shi, ya dawo da rigima har ta fi ta da. Inna ta tafa hannu: "To ga maganin Bature nan, Maman Abba. Na ce miki ice..." Ban tanka ba, suruka ce.

Da muka koma na zaci za a ƙara masa. Sai likita ta hau tambaya: ƙarfe nawa yake barci? Yana minshari? Me yake ci kafin ya sha? Kunya ta kama ni. A ɗakin Inna yake kwana, mai sunan mijinta ne ai, rediyo na kunne har sha biyun dare. Ga ƙwayar na kashe masa yunwa, abincin rana sai ya dawo da shi. Ta ce yaron da bai ƙoshi da barci ba, ko ƙwaya nawa aka ba shi a banza. Muka koma koko da ƙosai kafin magani, rabi na biyu da azahar, kada ya kai yamma ya hana shi runtsawa. Ɗauko shi daga ɗakin nan kuwa, wata biyu Inna ba ta amsa gaisuwata ba.

Abin da nake nadama shi ne na Yaya ta Bauchi. Ɗanta ma ba ya zama, sai na yanka mata rabin kati, wai taimako. Yaro ya yi tsit, sai kuka da cizon farce. Ashe shi fargaba ke cinsa tun rasuwar babansa, ƙwayar ta ƙara masa. Nasu likitan ya yi faɗa sosai, ya ce ko bugun zuciyarsa ba a auna ba. Aka sa shi kan wani magani, atomoxetine, wanda sai ya haura wata kafin a ga amfaninsa. Yaya ta yafe, ni ce ban yafe wa kaina ba.

Ban ma faɗi wahalar samu ba. Ba a sayarwa sai da takardar likita, wani watan ka zaga kemis-kemis na Gombe babu, sai mu ba direba saƙo Kano.

Shekarar da Malam ya ƙaro aure, ƙwayar ba ta canza ba, lokacin ma haka, amma Abba kamar ruwa yake sha. Gida ba lafiya, kullum hayaniya. Amarya kuwa ko sati ba ta yi ba ta iya karin maganar Inna, har da karkata kai irin nata. Abin da ya faru ranar da ta ɗauko dorinar, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.