Tela mai ADHD: yadda na sa shago yake tuna mini aiki

Duk wanda ya taɓa kai ɗinki ya san abin da ake faɗa a kanmu teloli, cewa alƙawarinmu ba ya cika. Wasunmu kwaɗayi ne ke sa su karɓi aikin da ya fi ƙarfinsu, wannan babu musu. Amma akwai wani rukuni, wanda nake cikinsa, da idan ɗayanmu ya ce "Alhaji, ka dawo ranar Alhamis," har ga Allah ya yarda kayan za su kammala. Alhamis ɗin ce kawai ba ta da nauyi a kansa sai ranar da ta iso.

Sai da na girma, ina da shagona a Kano da yara masu koyon aiki, likitan ƙwaƙwalwa ya tabbatar mini ina da ADHD, matsalar da ke hana mutum tsayar da hankalinsa inda yake so, ta haɗa masa da gaggawa da rashin zama wuri ɗaya. Mutane da yawa a nan suna ɗaukarta cutar 'ya'yan Turawa, ko sabon sunan da aka laƙaba wa rashin tarbiyya. Alhali tun 1798 wani likita ɗan Sukotland, Alexander Crichton, ya yi rubutu kan mutanen da hankalinsu ba ya zama, kuma a 1902 George Still ya gabatar da laccoci a Landan kan yara masu irin wannan hali. Sunan ne kawai sabo, don a 1987 ya shiga kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka. Ana ƙiyasta tana samun kimanin yara 5 cikin 100, manya kuma kusan rabin haka, kuma gado na da hannu sosai a cikinta. Shi ya sa likitan ya fi tambayata labarin yarinta, domin sai alamun sun bayyana kafin shekara 12 ake kiranta da wannan suna. Ni kuwa tun a makarantar allo sunana mai rawar kai.

Abin da ya fi amfanata cikin duk abin da na ji shi ne bayanin wani masani ɗan Amurka, Russell Barkley. A ganinsa mai ADHD ya san abin da ya kamata ya yi sarai, aikata abin da ya sani a lokacin da ya dace ne ke gagararsa. Don haka nasiha da faɗa ba sa ƙara masa komai, sai dai a ajiye masa taimakon a daidai wurin da aikin yake, a daidai lokacinsa. Na gane wannan nan take, domin ni na san yadda ake yanka babbar riga ko da an tashe ni daga barci. Abin da ba ni da shi shi ne wani abu a cikin kaina da zai ce mini yau Talata ce, shaddar wane tana jira.

Littafin awo kowane tela yana da shi. Matsalarsa a wurina ita ce ana rufe shi, kuma duk abin da aka rufe, ko aka cusa a leda ƙarƙashin tebur, ya fita daga duniyata. Sai na kafa allo a bangon da nake fuskanta idan na zauna a keke. Yanzu idan mutum ya kawo yadi, kafin in rataye tef a wuya, kafin ma ya sa takalminsa, ina yanko ɗan ƙyalle daga gefen yadin, in soke shi da fil a jikin allon, a rubuta suna da rana da alli a ƙarƙashinsa. Rubutu kaɗai idona yana tsallake shi, amma ƙyallen shadda ruwan toka da ke kallona duk lokacin da na ɗaga kai ba ya tsallakuwa. A gefen dama akwai ƙusa uku, a nan ake rataye aikin yau, ba a ƙara na huɗu sai ɗaya ya sauka.

Ranar karɓa kuma ba ni nake yanke ta ba. Bakina ya fi lissafina sauri, kuma ina jin nauyin mutane, musamman manya. Saboda haka na ba babban yarona wannan aiki. Idan aka tambaye ni yaushe za a dawo, amsata ɗaya ce: "Bari mu duba allo." Shi zai ƙirga ƙyallayen ya ce, "Oga, akwai na biki a gaba, sai wancan makon." Wani lokaci raina yana sosuwa, don ina ganin zan iya. Kusan kullum shi ne da gaskiya.

Wayar hannu ba ta yi mini aikin tuni ba. Ƙararrawarta za ta kaɗa, in ɗauka don in kashe, sai in tsinci kaina a WhatsApp ina kallon sabon salon wuyan kaftani, rana ta yi nisa. Agogon da ya yi mini aiki shi ne wanda na tarar tun haihuwa, kiran sallah. Daga waje yake zuwa, ba na iya ɗage shi da yatsa, kuma dole ya tayar da ni daga kujera. A kansa na raba yinina. Daga buɗe shago zuwa hantsi yanka kawai nake yi, domin lokacin kaina ya fi zama, kuma kuskuren almakashi ba ya gyaruwa, ɗinki ana farke shi amma yadin da aka yanke ya yanku. Daga hantsi zuwa azahar haɗawa. Tsakanin azahar da la'asar, lokacin da zafi ya sauka jiki ya mutu, sai guga da sa maɓalli da tsinke zare, ayyukan da hannu ke yi ko hankali ya tafi yawo. Awo da hira da masu kaya bayan la'asar. Bayan magariba ba na taɓa almakashi.

Inda tsarin ya fi yoyo shi ne dawowa daga masallaci. Tsakanin ƙofar masallaci da shagona akwai mai shayi, akwai majalisa, akwai wanda zai ce "Malam, zo ka ji wata magana." Ko na tsallake su, sake fara aiki bayan an tsaya shi ne abu mafi wuya ga irinmu. Dabarar da na samu ƙarama ce: ba na tashi a ƙarshen aiki. Ina tsayawa a tsakiyar layin ɗinki, in bar allura a soke cikin yadi, hannun riga rabi a ɗinke. Idan na dawo babu tunanin me zan fara, ƙafa kawai zan ɗora. Da zarar keken ya yi ƙara, sauran ya zo da sauƙi.

Akwai tsarin da ake yawan yabawa, wanda wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1980, aiki na minti 25 sai hutun minti 5. Yana da kyau ga abin da nake ƙi, kamar lissafin kuɗi da bin bashi. Ga aikin wuyan riga na hannu kuwa ɓarna yake yi, yana katse ni daidai lokacin da na nutse.

Wannan nutsewar ce ke rikita mutane. Sukan ce, ta yaya mutumin da ke kwana a kan keke ba ya ko shan ruwa zai ce ba ya iya mai da hankali? Hankalin yana nan, linzaminsa ne ba ya hannuna. Likitoci suna danganta abin da yadda sinadaran dopamine da noradrenaline ke aiki a ƙwaƙwalwa. Abu sabo, ko mai ban sha'awa, ko wanda wa'adinsa ya zo wuya, shi ke kunna ta. Shi ya sa daren sallah nake ɗinka abin da ya gagare ni mako guda. Amma aikin da tsoro ke turawa wutar kara ce. A irin daren ne ake sa aljihu a karkace, a haɗa wandon wani da rigar wani, bayan sallah kuma mutum ya kwanta kamar mara lafiya. Ga shi rashin barci yana ƙara tsananta matsalar kanta. Don haka a azumi, da yake lokutan duk sun juya, yanka yana komawa bayan sahur da asuba, kuma idan layukan allon suka cika an rufe karɓar kaya ke nan, ko na wane ne.

Wani abin da na lura da shi, zaman mutum kusa da ni yana riƙe ni a kan aiki ko bai ce uffan ba. Lissafin da na sha ɗauka zuwa gida da niyyar yi da dare bai taɓa yiwuwa ba. Yanzu ranar Asabar nake yinsa a shago, yaro na gefe yana guga. Rediyo ma sai da zaɓi, labarai da muhawarar siyasa suna janye ni gaba ɗaya, karatun da kunnena ya saba da shi kuwa yana toshe mini hayaniyar titi.

Batun magani, akwai shi, kuma yana taimakon mutane da yawa. Tun 1937 wani likita a Amurka, Charles Bradley, ya lura cewa maganin da ke zaburar da ƙwaƙwalwa yana natsar da irin waɗannan yara, kuma a yau ana ba da methylphenidate ko atomoxetine. Amma likita ne ke rubutawa bayan bincike, domin damuwa da ƙarancin barci ma suna iya kama da ADHD. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana da sashen ƙwaƙwalwa, haka asibitin tarayya da ke Barnawa a Kaduna, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. Ina faɗin haka ne don na san abin da wasu 'yan'uwana teloli ke haɗiya don su kwana aiki. Wannan ba magani ba ne. Kuma ko maganin gaskiya ba ya rubuta wa mutum rana a allo.

Allon ma yana tsufa a ido. Bayan wani lokaci sai ya zama bango kawai, in daina ganinsa. Idan na lura ƙyalle ya wuce ranarsa ban ankara ba, sai mu mayar da allon wani gefe, ko a canza launin alli, ya sake zama sabo.

A cikin yarana akwai ƙarami da nake ganin halina a jikinsa. Ni ba likita ba ne, ban laƙaba masa komai ba, na dai shawarci mahaifinsa ya kai shi a duba. Hannunsa yana da kyau ƙwarai, amma idan ka ba shi saƙo uku zai dawo da ɗaya da labari mai daɗi. Yanzu idan zan aike shi Kantin Kwari, takarda nake ba shi da ƙyalle a manne, zare kalar wannan, zik mai tsawon kaza, kuɗin kowanne a rubuce a gabansa. Kujerarsa kuma na dawo da ita kusa da tawa, bayansa ga ƙofa.