Kwamfutar kwantam: yadda take lissafi da abin da ke ɓata mata aiki

An yaɗa cewa kwamfutar kwantam tana gwada dukkan amsoshi a lokaci guda ta zaɓo ta daidai. Wannan magana tana ɓatar da mai koyo tun daga bakin ƙofa, don haka gara a fara da gyara ta.

Kwamfutar da muka saba tana ajiye komai da bit, wanda ko 0 ne ko 1. Ta kwantam kuwa, wadda ke bin dokokin da ke tafiyar da ƙananan abubuwa irin su ƙwayar zarra, da kiyubit take aiki. Kiyubit yana iya zama cakuɗen 0 da 1, kuma kowane ɓangare na cakuɗen yana ɗauke da wata lamba, mu kira ta nauyi. Da zarar an auna shi, cakuɗen ya rushe, sai a ga 0 ko 1 kawai. Nauyin nan, idan aka ninka shi da kansa, shi ke ba da yiwuwar abin da za a gani. A ce nauyin 0 ya zama 0.6, na 1 kuma 0.8: a cikin awo 100, kusan 36 za su ba da 0, kusan 64 su ba da 1.

Sirrin yana nan: nauyi yana iya zama ƙasa da sifili. Idan +0.6 ya haɗu da -0.6, sai su share juna. Jefa duwatsu biyu cikin tafki ka kalli inda igiyoyin ruwan suka haɗu. Wani wuri ruwan ya ƙara tashi, wani wuri ya kwanta lif. Aikin mai tsara lissafin kwantam ke nan, ya jera matakai yadda amsoshin banza za su share juna, ta gaskiya ta yi ƙarfi kafin a auna. In bai iya ba, abin da zai samu bai fi na jefa kwabo sama ba.

Kiyubit 2 suna da nauyi 4, kiyubit 3 suna da 8, haka abin ke ninkuwa. Kafin kwamfuta ta yau da kullum ta kwaikwayi kiyubit 30, sai ta riƙe lambobi fiye da biliyan 1, wato kusan gigabait 16. Ƙara kiyubit ɗaya tak, ta buƙaci 32. Wannan ne ya sa masanin kimiyya Richard Feynman ya ba da shawara a 1981 cewa a gina na'urar da ita kanta da dokokin kwantam take tafiya.

Ga gwajin da ya kamata kowa ya fara da shi, ana rubuta shi da manhajar Qiskit ta kamfanin IBM, wanda ya buɗe na'urarsa ga jama'a ta intanet tun 2016. A ɗauki kiyubit biyu, kowanne yana kan 0. A ratsa na farko ta ƙofar Hadamard (ƙofa mataki ne na lissafi da ake yi wa kiyubit), wadda ke mai da shi cakuɗe rabi da rabi. Sai a haɗa su da ƙofar CNOT, wadda ke juya na biyu idan na farko yana kan 1. Yanzu sun sarƙe da juna. A auna, a maimaita sau 1,000. A bisa lissafi, kusan 500 za su fito 00, kusan 500 su fito 11. A kan na'ura ta gaske kuwa, za a ga 'yan 01 da 10 sun leƙo. Waɗannan kurakurai ne, kuma a ganina su ne darasi mafi amfani a duk gwajin.

Daga ina suke fitowa? Kiyubit ɗin IBM da Google ƙananan da'irorin lantarki ne, zuciyarsu siraran alminiyom biyu da ɗan shinge a tsakani, wanda ake kira mahaɗar Josephson. Ana sarrafa su da bugun igiyar maikurowef ta kusan gigahaz 5. Ana sanyaya su da cakuɗen hiliyom-3 da hiliyom-4 zuwa kusan digiri 273 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, sanyin da ya zarce na sararin samaniya. Duk da haka, ɗan zafi, ko girgiza, ko aibi a jikin kayan, yana rusa cakuɗen cikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Ƙofofin ma ba su da cikakkiyar daidaito: ƙofar kiyubit biyu takan yi kuskure sau ɗaya a cikin 'yan ɗaruruwa zuwa dubu. Lissafin da ke buƙatar ƙofa miliyan kuwa, ai tuni ya zama shirme. Kamfanoni irin su IonQ da Quantinuum suna kama ƙwayoyin zarra masu caji ne su sarrafa su da hasken lesa. Nasu kiyubit ɗin sun fi daɗewa, amma sun fi jinkirin aiki.

Ba a iya kwafar halin kiyubit, doka ce ta kwantam, saboda haka ba a ajiye kwafi don gudun asara. Sai dai a shimfiɗa bayanin kiyubit ɗaya a kan kiyubit masu yawa, wasu su zama 'yan gadi masu nuna inda kuskure ya faɗa ba tare da an taɓa bayanin ba. A Disamba 2024 Google ya nuna da guntunsa Willow mai kiyubit 105 cewa duk lokacin da aka faɗaɗa shimfiɗar, kuskure yana raguwa da kusan rabi. Wannan ya fi yawan kiyubit muhimmanci, don haka in ka ji ana tallar na'ura, fara tambayar yawan kuskurenta.

Hanyar lissafin kwantam da masanin lissafi Peter Shor ya fito da ita a 1994 za ta iya karya tsarin RSA da ke kare bayanai a intanet, amma babu na'urar da ta kusa kai wa ga haka a yau. Sai dai ana iya satar rufaffen bayani yanzu a adana shi har ranar da za a iya buɗewa. Shi ya sa a Agusta 2024 hukumar NIST ta Amurka ta fitar da sababbin ƙa'idoji uku na kare bayanai, waɗanda ke aiki a kan kwamfuta da wayar da ke hannunmu.